Sharhi: Titin jirgi ba hanyar kasuwa ba ce, daga Zariya har Damargu

A 'yan shekarun nan jihohin arewacin Najeriya sun shiga rige-rigen gina filayen jiragen sama. Dutse ta samu nata, Birnin Kebbi da Bauchi da Damaturu su ma haka. A Jamhuriyar Nijar an gyara filin jirgin Damagaram lokacin shagulgulan Zinder Saboua na watan Disambar 2018. Matasa kuma na ƙara sha'awar koyon tuƙin jirgi, wasu a Zariya ko Ilori, wasu a Afirka ta Kudu ko Amurka da kuɗin 'yan uwa mazauna waje.

Sai dai akwai wani haɗari da ba kasafai ake maganarsa ba, domin ba a sararin samaniya yake faruwa ba. A ƙasa yake aukuwa, a daidai lokacin da ƙaramin jirgi ke sauka ko tashi, sai ya ci karo da mota ko babur ko amalanke ko garken dabbobi a kan titinsa. Wanda ya fi fuskantar wannan haɗari shi ne ɗalibi mai koyon tuƙi, sai kuma mutumin ƙauye da bai taɓa shiga jirgi ba, wanda ratsawa kawai ya zo yi.

Abin da ya faru a wasu wurare

A watan Nuwambar 2012 an samu irin wannan haɗari har sau biyu a Amurka cikin makonni biyu. Na farko a wani ƙaramin fili ne a jihar Texas. Wani ɗalibi da ke tuƙa jirgi samfurin Cessna 172 shi kaɗai ya taho sauka, sai tayoyin jirgin suka daki rufin wata mota da ke bin hanyar da ta gitta a bakin titin jirgin. An rubuta gargaɗin tsayawa a kan kwaltar hanyar, amma bai hana karon ba. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, kuma bidiyon lamarin ya zagaya duniya.

Na biyun bai zo da sauƙi ba. A ranar 16 ga watan, a filin jirgin Owls Head da ke jihar Maine, wani Cessna 172 yana gudun tashi da magariba sai ya gogi wata motar a-kori-kura da ke tsallaka titin. Jirgin ya ɗaga sama a lalace, sannan ya faɗa cikin daji ya kama da wuta. Matasa uku da ke ciki duk suka rasu. Filin ba shi da hasumiyar kula da zirga-zirga, kuma direban motar yana da izinin shiga filin.

Manyan filaye ma ba su tsira ba. A ranar 20 ga Oktoban 2014 jirgin shugaban kamfanin mai na Total, Christophe de Margerie, ya yi karo da motar share ƙanƙara a filin Vnukovo na birnin Mosko, shi da ma'aikatan jirgin uku suka mutu. A ranar 18 ga Nuwamban 2022 kuma jirgin kamfanin LATAM da ke tashi daga birnin Lima na ƙasar Peru ya daki motar kashe gobara da ta shiga titin a lokacin wani atisaye. Duk mutanen cikin jirgin sun tsira, amma 'yan kwana-kwana biyu sun mutu nan take, na uku ya cika daga baya.

A yankinmu, dabbobi ne suka fi fitowa a labarai. A watan Yulin 2005 jirgin Air France ya afka wa garken shanu yayin sauka a Fatakwal. A watan Fabrairun 2018 jirgin Air Peace ya yi ta shawagi a saman Akure har sai da aka kori shanu daga kan titi. Inda saniya ta samu ƙofar shiga, ɗan acaɓa ma zai samu. Harin da 'yan bindiga suka kai gefen filin jirgin Kaduna a watan Maris na 2022, inda suka kashe wani mai gadi, ya ƙara nuna yadda shingen wasu filayen yake.

Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, tana kiran mafi yawan irin wannan da suna guda: kutse a titin jirgi, wato kasancewar jirgi ko mota ko mutum ba bisa ƙa'ida ba a wurin da aka keɓe domin sauka da tashi. Haɗarin jirgin sama mafi muni a tarihi, wanda ya ci rayuka 583 a tsibirin Tenerife a 1977, a kan titi ya faru, lokacin da manyan jirage biyu suka yi karo cikin hazo.

Me ya sa ɗalibi ya fi shiga haɗari?

Amsar tana cikin lissafi. Ƙaramin jirgin koyo yana tunkarar titi da gudun kusan kilomita 110 zuwa 120 a sa'a, wato fiye da mita 30 a kowace daƙiƙa. Amalanken shanu da ke tafiyar ƙafa zai ɗauki kusan daƙiƙa 25 kafin ya tsallake titi mai faɗin mita 30. A cikin wannan ɗan lokaci jirgin ya ci mita 750. Mai amalanken da ya waiwaya ya hango jirgi kamar tsuntsu can nesa, ya ce zai wuce kafin ya iso, ya yi lissafi ne da saurin mota, kuma lissafin ba zai fita ba.

Sannan jirgi ba ya faɗowa daga sama kai tsaye. A hankali yake gangarowa, a kusurwar da ba ta wuce digiri uku ba a mafi yawan filaye. Ma'ana idan saura mita 100 ya taɓa ƙasa, tsayinsa bai fi mita biyar da 'yan kai ba. Duk wanda ya san yadda ake lodin manyan motoci a hanyar Damagaram zuwa Agadas, kaya a kan kaya, mutane a kan kayan, ya san mita biyar ba wani tsayi ba ne. Idan ɗalibi ya ɗan yi ƙasa fiye da kima, wanda kuskure ne da masu koyo ke yawan yi, to ko ƙaramar mota tana cikin haɗari. Abin da ya faru a Texas ke nan.

Akwai kuma matsalar gani. A daidai lokacin da jirgi zai taɓa ƙasa matuƙi yakan ɗaga hancinsa sama, sai injin da farfela su tare masa abin da ke gabansa. Hankalin ɗalibi a wannan lokaci ya rabu gida-gida: yana duba gudu, yana duba tsayi, yana kokawa da iskar da ke bugun jirgin ta gefe, yana sauraron rediyo da Ingilishi, harshen da ba da shi ya tashi ba. Gogaggen matuƙi yana yin waɗannan ba tare da tunani ba, idonsa ya samu sararin leƙa gefen titi. Ɗalibi bai kai nan ba tukuna.

Shi kansa tsarin koyon yana ƙara yawan damar karo. Ɗalibi yakan shafe sa'a guda yana zagayen fili, ya sauka, ya taɓa ƙasa, ya sake tashi, ya zagayo. Jirgin fasinja sau ɗaya yake sauka ya tsaya. Jirgin koyo kuwa yana iya dawowa kan titi bayan 'yan mintoci, lokacin da mai jira a gefe ya ɗauka an gama.

Ƙa'idar ICAO ta tanadi aƙalla sa'o'i 40 na tashi kafin a ba mutum lasisin tuƙin ƙaramin jirgi na kansa, goma daga ciki shi kaɗai ba malami. A cikin goman akwai tafiya mai nisan aƙalla kilomita 270, wadda dole ya sauka a filaye biyu daban-daban. Ke nan doka da kanta take tura ɗalibi filin da bai saba da shi ba, inda bai san ta ina mutanen gari ke ratsawa ba.

Zariya da Yamai

A ƙasar Hausa, gidan wannan magana shi ne Zariya. A 1964 aka kafa Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta NCAT, da haɗin gwiwar gwamnatin Najeriya da ICAO da Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ta yaye matuƙa da injiniyoyi da masu kula da zirga-zirgar jirage daga Najeriya da wasu ƙasashen Afirka. Ta daɗe tana koyarwa da jiragen Tampico, daga baya ta ƙaro samfurin Diamond. Lokacin da aka kafa ta, gari bai kai wurin ba. Yau unguwanni irin su Palladan sun cika sun batse, hanyar Sakkwato ba ta rabuwa da motoci da babura dare da rana.

Haka labarin yake a kusan kowane birni. Jiragen farko da suka sauka a Kano a watan Nuwambar 1925 a filin sukuwa suka sauka. Yanzu filin jirgin Malam Aminu Kano yana tsakiyar jama'a, kuma mutanen Gwammaja ba su manta da ranar 4 ga Mayun 2002 ba, lokacin da jirgin EAS ya faɗa kan gidaje jim kaɗan bayan tashi, sama da mutum 100 suka rasu, da dama daga cikinsu suna cikin gidajensu. Fili ba ya motsi, gari ne ke zuwa ya same shi. Da zarar gidaje sun zagaye shi, sai mutane su fara neman hanyar yanke, a fasa katanga a nan, a yanke waya a can.

A Yamai kuwa akwai makarantar EAMAC ta hukumar ASECNA, wadda aka kafa a 1963. Tana horas da masu kula da zirga-zirgar jirage da masana yanayi da masu gyaran na'urori daga ƙasashen Afirka da dama. ASECNA tana da wata makarantar a Duwala ta ƙasar Kamaru wadda ke horas da 'yan kwana-kwanan filayen jirage. Ilimin hana irin wannan karo yana nan a yankin. Tambayar ita ce ko yana isa ƙananan filayen da ba su da hasumiya, ba su da shinge, wani lokaci ba su da ko mai gadi.

Ina ruwan Gangara?

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan manomin Gangara da ɗalibin Zariya. Damargu, wato yankin Tanut da Belbeji a arewacin jihar Damagaram, ba ta da makarantar koyon tuƙi. Amma tana cikin wuraren da ƙaramin jirgi ya fi amfani a cikinsu, kuma ta haɗa duk abubuwan da ke jawo karo.

Yankin sananne ne da noman gero, kuma yana bakin iyakar noma da kiwo, iyakar da dokar Nijar ta 1961 ta shata. Fari da jan-baki ba baƙi ba ne a nan. Waɗanda suka ga farin ɗango na 2004 da yunwar da ta biyo baya a 2005 sun san abin da ake nufi. Idan annobar ta yi yawa, da ƙananan jirage ake feshi, kuma jirgin feshi yana sauka ya tashi sau da yawa a yini daga filin ƙasa, domin ɗaukar magani da mai. A gefensa akwai motar mai, motar magani, motar jami'an gona, ga yara da suka zo kallo. Akwai kuma jiragen agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Abinci ta Duniya ke gudanarwa, masu zirga-zirga tsakanin Yamai da biranen Damagaram da Agadas da Diffa, da ƙananan jiragen soja. Matuƙan irin waɗannan jirage a ko'ina a duniya sau da yawa matasa ne da ke tara sa'o'in tashi.

Tanut tana cikin garuruwan Nijar da ke da ƙaramin filin sauka a jerin sunayen filayen ƙasar. Irin wannan fili yakan yi makonni ko watanni jirgi bai taɓa shi ba. A idon jama'a, shimfiɗaɗɗen wuri ne mai tauri, babu ƙaya, babu rairayi mai kama taya. Ɗan kabu-kabu zai bi ta kai, mai koyon mota zai zo da safe, samari su kafa ragar ƙwallo da yamma. Ba mugunta ba ce. Wurin da ba a ga mai shi ba, kowa ke ɗaukarsa nasa.

Ga kuma dabbobi. Kowace shekara garken shanu da raƙuma da tumaki suna haurawa arewa da damina, wasu har Ingal, su gangaro kudu bayan girbi. Idan aka shata filin jirgi a kan burtali ko tsakanin ruga da rijiya, ko an kewaye shi da waya za a yanke ta, domin dabba sai ta sha ruwa. A ranar kasuwa kuma zirga-zirgar amalanke da jakuna da motoci takan ninka. Sai a haɗa da ƙurar hunturu, wadda ke rage gani har takan sa a soke tashin manyan jirage a Kano da Damagaram. A irin wannan rana matuƙi ba zai hango babur ba sai ya zo dab da shi, shi ma mai babur ya naɗe fuska da rawani, iska na kaɗawa, ba ya jin ƙarar injin.

Laifin wa?

Idan irin wannan ya faru, abu mafi sauƙi shi ne a kama direba ko makiyayi. A wasu lokuta da laifinsa. Amma binciken haɗarin Lima ya nuna cewa bayan shigar motar ba tare da izini ƙarara ba, akwai rashin kyakkyawan tsari tsakanin masu shirya atisayen da ma'aikatan hasumiya. A Texas, hanyar mota ce aka bari ta gitta a bakin titin jirgi, aka dogara da rubutu a kan kwalta. Kuskuren mutum ɗaya ba ya zama ajali sai ya tarar da ƙofofi da dama a buɗe.

Shi ya sa ƙa'idar ICAO kan binciken haɗari ta ce manufar bincike ita ce hana sake aukuwa, ba ɗora laifi ba, kuma ta buƙaci a fitar da rahoton farko cikin kwana 30. A Najeriya hukumar NSIB ce ke wannan aiki, NCAA na sa ido kan ƙa'idoji, FAAN na kula da filayen gwamnatin tarayya, NAMA na kula da sararin samaniya. A Nijar akwai hukumar ANAC tare da ASECNA. Rauninmu yana wurin abin da bai kai ga haɗari ba. Idan ɗalibi ya hango babur ya fasa sauka, ya kamata a rubuta, a san ta ina babur ɗin ya shigo. Idan yana tsoron za a ce ya gaza, ko mai gadi yana tsoron kora, sai kowa ya yi shiru, ƙofar ta ci gaba da zama a buɗe har ranar da sa'a za ta ƙare.

Abin da za a iya yi

Mafi yawan maganin ba ya buƙatar maƙudan kuɗi. Na farko, kafin a kafa shinge a zauna da masu unguwanni da hakimai da shugabannin makiyaya da magajin gari. A Nijar akwai kwamitocin kula da filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada, waɗanda aikinsu ne shata burtali da wuraren kiwo. Idan aka toshe hanya, a buɗe wata da ba ta da nisa sosai. Shingen da ya ƙara wa mai jaki tafiyar sa'a guda ba zai kai baɗi ba.

Na biyu, a filin da babu hasumiya, kada jirgi ya sauka sai an samu mutum a ƙasa da oba-oba wanda ya bi titin daga farko har ƙarshe. Matuƙan daji sun saba yin shawagi ƙasa-ƙasa sau ɗaya kafin sauka, domin su duba titin kuma ƙarar injin ta gargaɗi mutane da dabbobi. Ya kamata a koya wa ɗalibai wannan tun a makaranta. Idan hanyar mota ta gitta kusa da bakin titi, a matsar da wurin taɓa ƙasa gaba, a sa ƙarfen tare hanya da mutum a tsaye.

Na uku, motocin cikin fili. Duk direban da zai shiga, ko na motar mai ne ko na kashe gobara ko na rakiyar wani babba, ya zama yana da horo da izini na musamman, da fitila mai walƙiya a kan motar, da rediyo. Ayarin manyan mutane da ke kutsawa har gindin jirgi, da magoya baya a kan babura, al'ada ce da ya kamata a daina. Haɗarin Maine da na Mosko da na Lima duk motocin da ke da hurumin shiga fili ne suka jawo su.

Na huɗu, sanarwa. Gidajen rediyon karkara da masallatai da sanƙira a kasuwa za su iya gaya wa jama'a cewa jirgin feshi zai yi aiki daga ranar kaza zuwa ranar kaza, da Hausa da Tamashek da Fulatanci da Barbarci.

Sai kuma matasa masu niyyar koyo da iyaye da 'yan uwa da ke biya. Kuɗin makarantar tuƙi ba kaɗan ba ne, shi ya sa gwamnatin Kano ta taɓa ɗaukar nauyin matasa 100 zuwa ƙasar Jodan a zamanin mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu. Kafin a tura kuɗi, bayan tambayar yawan jirage da tsawon karatu, a tambaya: filin yana da hasumiya? Yana da cikakken shinge? Akwai hanyar mota a bakin titinsa? Idan ɗalibi ya fasa sauka, ana yaba masa ko ana yi masa faɗa? Makarantar da ta san aikinta tana koya wa ɗalibi cewa fasa sauka a sake zagayowa ba abin kunya ba ne, kuma ba ta tura shi shi kaɗai sai ya iya yin hakan ba tare da jinkiri ba.

A 2015 Ouma Laouali ta zama mace ta farko da ta fara tuƙa jirgi a rundunar sojin Nijar, kuma yara da dama a Damagaram da Maraɗi da Kano suna mafarkin bin sahunta. Wata rana ɗan Gangara ko 'yar Belbeji za su zo sauka a filin garinsu. Aikin da ke gaban magadan gari da hukumomin jiragen sama da sarakuna shi ne su tabbatar cewa a ranar, babu amalanke a kan titin.